Muna tara kuɗin gawa, ba ma tara na mai rai

Makon jiya bayan sallar Isha'i aka sake yin karo-karo a masallacinmu nan Bronx. Wani ɗan'uwanmu direban tasi, bai kai shekara 50 ba, ya yanke jiki ya faɗi a cikin motarsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikin kwana biyu an haɗa kuɗin kai gawarsa gida. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Amma jama'a, akwai abin da ya hana ni barci. Bawan Allahn nan ya fi shekara yana kukan ciwon kai da jiri. Duk mun sani, ni ma na sani. Mai ba shi Panadol ya ba shi, mai kawo jiƙo daga gida ya kawo, amma ba wanda ya kama hannunsa ya kai shi a auna jininsa. Ashe hawan jini ne. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda, sai dai neman magani ma umarni ne.

Na san abin da ke hana mu zuwa asibiti: takardu, kuɗi, da Turanci.

Maganar takardu ba wasa ba ce. Tun Janairun 2025 gwamnati ta soke ƙa'idar da ke taka wa jami'an shige da fice birki a wurare irin su asibiti da makaranta da wuraren ibada, don haka ba zan ce tsoron mutane na banza ne ba. To amma mu auna. Tun 1986 dokar Amurka ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda aka kawo, da kuɗi ko babu, da takarda ko babu. Sannan birnin New York yana da shirin NYC Care, wanda a nan Bronx ma aka fara shi a 2019, domin waɗanda ba su da inshora. Ba sharaɗin takardar zama. Za a ba ka kati da likitanka a asibitocin birni irin su Lincoln da Jacobi, kuma gwargwadon samunka za ka biya, wani ma ba ya biyan ko kwabo. Ka kira 311 ka tambaya.

Turanci kuwa, haƙƙinka ne a samo maka tafinta kyauta. Don Allah a daina ɗaukar yaro ɗan firamare ya je yana fassara wa mahaifiyarsa ciwon mata. Kunya za ta sa ta ɓoye rabin maganar, alhali ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ku dubi 'yan Habasha. A 1981 'yan gudun hijirarsu suka kafa African Services Committee, yau tana Harlem tana yi wa 'yan Afirka gwajin cutar ƙanjamau da ciwon hanta, tana taimaka musu da lauyoyi. Su ma ba da dukiya suka zo ƙasar nan ba. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, yana iya shekara da shekaru a jikin mutum shiru, sai ya gama cin hanta a farga. Gwajin jini ne kawai, kuma akwai allurar riga-kafi. Mu nawa ne muka taɓa yi?

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu, na 'yan Ghana da na 'yan Nijar da na 'yan Najeriya: a cire wani abu daga asusun jana'iza a sayi na'urar auna jini da ta suga, a ajiye a masallaci. 'Ya'yanmu masu aikin jinya su zauna awa guda bayan Juma'a. A ware mutum biyu, namiji da mace, masu raka baƙo ya yi rajista. Malamai kuma su faɗa a kan mumbari, don maganarsu ta fi tawa shiga.

Ni dai na je an auna ni ranar Litinin, kuma an ce nawa ma ya fara hawa. Kai yaushe rabonka?

Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, Ya ba iyalinsa haƙuri. A tura wa na Harlem da Brooklyn su gani.