Siminti, azara da tubali: wa ke auna abin da kayan gini ke ci?

Daminar shekarar 2024 ta yi ɓarna mai yawa a Nijar. Ruwa ya rushe dubban gidaje, akasarinsu na ƙasa, kuma jihar Tawa ba ta tsira ba. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnati ta rage farashin siminti domin jama'a su samu sukunin sake gini. Duk maigidan da zai ta da ɗaki a Madawa, Buza ko Keita, tambaya biyu yake yi: nawa zan kashe, kuma ginin zai jure ruwa? Akwai ta uku wadda ba a cika yi ba. Kafin wannan kaya ya iso ƙofar gida, me ya ci daga daji, da ƙasa, da iska?

Takardar shaidar kayan gini

A ƙasashen Turai wannan tambaya ta zama aikin hukuma. Masana suna bin kayan gini tun daga ramin da aka haƙo shi har ranar da ginin zai zama kufai. Suna lissafa wutar da aka ƙona wajen sarrafa shi, da ruwan da ya sha, da man motar da ta ɗauko shi, da hayaƙin da ya saki. Daga nan sai wani mai bincike, wanda ba yaron kamfanin ba ne, ya duba lissafin ya sa hannu. A Faransa ana kiran wannan takarda FDES, kuma tun watan Janairu na 2022 doka ta wajabta a yi lissafin hayaƙin sabon gida kafin a gina shi.

Takardar ba ta yabon kaya, ba ta kushe shi. Aikinta kamar na tiya ne a kasuwar hatsi: kowa ya auna da kwano ɗaya, mai saye ya gani da idonsa.

Abin da ke rubuce a jikin buhu

Mu fara da siminti, tunda a jiharmu ake yin sa. Masana'antar Malbaza, a kan hanyar Madawa zuwa Ƙonni, tana aiki tun shekarun 1960. Ana haƙo dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da yumɓu, a gasa a wuta mai zafin awo 1450. Abin da ya fito shi ake kira kilinka, shi ne ake niƙawa ya zama siminti. Hayaƙi yana fita ta hanya biyu: daga makamashin da aka ƙona, da kuma daga jikin dutsen kansa idan ya gasu. Wannan iska, wadda ake kira kabon, tana cikin masu ƙara ɗumamar duniya. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana iya sakin kilo 30 zuwa 45 na wannan iska, kuma masana'antun siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na dukan kabon da ɗan'adam ke saki.

Wanda ya koyi karatu yana iya amfana da rubutun da ke jikin buhu. Lambar 32,5 ko 42,5 tana nuna ƙarfin simintin bayan kwana 28 da zuba shi. Idan an rubuta CEM I, kusan dukansa kilinka ne, aƙalla kashi 95 cikin 100. Idan CEM II ne, an rage kilinka an cika da wani abu kamar garin dutse, don haka hayaƙinsa bai kai na farko ba. Ga ɗakin kwana, da katanga, da shafe, CEM II mai lamba 32,5 ya wadatar. Sayen wanda ya fi shi ƙarfi don irin wannan aiki asarar kuɗi ce kawai.

Iyakar abin da buhu ke faɗa ke nan. Nijar tana da ma'aikatar BNEE wadda ke nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a ba su izini, bisa dokar shekarar 2018, akwai kuma ANMC mai kula da awo da ingancin kaya. Amma buhun da ke kasuwa shaidar ƙarfi yake ɗauke da ita. Babu lissafin hayaƙi a jikinsa.

Ma'aunin Turai da dajin Adar

To, da a ce gobe an kawo mana takardar Turai yadda take, za ta raba mana gardama? A ganinmu, rabi kawai za ta raba. Abin da ya fi damun masu wannan takarda shi ne kabon, alhali ɗan Nijar guda bai fi sakin kilo 100 ko kusa da haka a shekara ba, inda Bature ke sakin tan da dama. Kuma a lissafinsu itace kaya ne mai kyau, domin a can ana sare bishiya a dasa wata. A Adar kuwa itacen rufi shi ne babban ciwo.

Kowa ya san yadda ake rufin soro. Ana jera azara, a shimfiɗa sanduna, a ɗora zana ko kara, sannan a zuba ƙasa. Azara mai kyau daga giginya take fitowa, ita kuwa giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Inda babu ita, gatari kan faɗa wa duk bishiyar da ta miƙe. Ɗaki ɗaya ba komai ba ne, amma a lissafa ɗakunan gari guda, sannan a tuna gara tana cin itace, sai an sake.

Mutanen wannan yanki sun san kuɗin bishiya, domin da guminsu suka biya. Furojen Keita, wanda ya fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya dasa itatuwa kusan miliyan 18 cikin shekara ashirin. Yawancin waɗanda suka fasa fako, suka jera duwatsu a kan tsaunuka, mata ne. Idan an sare waɗannan itatuwa ba tsari don rufin ɗaki, wahalarsu ce ta tafi, kuma ruwan da duwatsu da saiwoyi ke tarewa zai sake gangarowa gonaki da gidaje.

Kwarin Majiya, a ƙasar Buza, ya nuna wata hanya. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka shiga dasa layukan dogon yaro don tare iska. Da itatuwan suka girma, sai aka riƙa sassabe rassansu bi da bi, kututture ya sake toho. Sandar da ta fito daga irin wannan layi an san asalinta, an san kuma wata za ta maye gurbinta. A ido ba ta da bambanci da wadda aka sato daga daji da dare. Nan ne shaida take da amfani a wurinmu, kuma ba ta bukatar na'ura: takardar izinin sara, da kalmar kwamitin gari, sun isa.

Tubalin ƙasa ma yana da nasa lissafi, ko da yake ba ya cin wuta sai rana. Ramin da aka bari a tsakiyar gari yana zama kududdufi, gidan sauro, kuma haɗari ga yara. Yashin da ake kwasa daga gindin gaɓar korama yana sa gaɓar ta zube ta ci gona. Kwano kuwa daga nesa ake kawo ƙarfensa, ga zafi a bazara.

Shekarun gini

Duk lissafin da bai sa tsawon ran gini a ciki ba, gurgu ne. Ɗakin ƙasa da ya faɗi sau uku cikin shekara ashirin ya ci itace sau uku. Yawancin gidajen ƙasa daga gindi suke mutuwa, idan ruwa ya kwanta ya jiƙa tushe. Adar kuwa Allah ya hore mata dutse. Harsashin dutse da aka ɗaga sama da ƙasa, da 'yan buhunan siminti a gindin bango, da indararo mai jefa ruwa nesa, sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin hayaƙi a kan gida na bulo tun daga ƙasa har sama.

Akwai kuma gini marar itace, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koyarwa a Nijar tun 1980. Da ƙananan tubala ake lanƙwasa rufin ya zama baka ko tulluwa, babu azara ko ɗaya. Sharaɗinsa magini wanda ya samu horo sosai, da gyaran yaɓe kafin kowace damina, domin rufin ƙasa mai nauyi ba ya yafe sakaci. A Dandaji, cikin jihar Tawa, an kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018, an gina masallacin da tubalin ƙasa da aka matse da inji, bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili.

Waɗanda suka fi iya soma wannan awo su ne masu gini da kuɗin jama'a. Idan magajin gari ko wani furoje zai ba da kwangilar aji ko ɗakin shan magani, yana iya rubuta sharuɗɗa cikin takardar kwangila: a faɗi inda aka samo itace a nuna izini, a faɗi irin simintin da yawan buhunan, a nuna inda za a ɗebi yashi, a cike ramin tubali bayan aiki. Kwamitin iyayen yara yana da ikon neman a karanta masa wannan takarda a bainar jama'a, kafin motar farko ta sauke kaya.