Rumbun Bayanai: A Fara Koyo Daga Itatuwan Birnin Gwari

Kowane manomi ya san amfanin rumbu: wuri ne da ake adana hatsi a tsare, a ɗebo shi ran da buƙata ta taso. Dalili ke nan da ya sa ake kiran tsarin adana bayanai a na'ura mai ƙwaƙwalwa "rumbun bayanai". Abin takaici, a makarantun sakandare da dama ɗalibi yakan haddace ma'anarsa domin jarrabawa, ya gama karatu bai taɓa gina ko guda ba. In aka tambayi malami, sai ya ce babu kwamfuta, babu lantarki, babu intanet. Uzurin yana da ƙanshin gaskiya, amma bai kai hujja ba, musamman a ƙasar Birnin Gwari, inda kayan koyon suke tsaye a ƙofar makaranta.

Tun a 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Daji ne na doka da maje da kawo da taura da kaɗanya. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan yankin mafaka, ƙauyuka suka watse, dattawan da suka san sunan kowane itace da maganin da yake yi suka koma gari. Ilimin nan a kawunansu yake, kuma kullum raguwa suke yi. Su kansu itatuwan ba su tsira ba: saran madobiya domin kaiwa ƙasar Sin ya yi tsanani a Afirka ta Yamma, har aka sa cinikinta ƙarƙashin ƙa'idar yarjejeniyar CITES a 2017.

Kayan aiki na farko littafin rubutu ne da igiyar awo. Ba a ce ɗalibi ya shiga daji ba, ko kusa. Itatuwan harabar makaranta da na bakin hanya sun wadatar. A ja layuka, a ba kowane itace lamba, a rubuta sunansa, da wurin da yake, da kaurinsa daidai ƙirjin mutum, da ranar awo.

Ba za a yi mako guda ba rikici zai kunno kai, kuma a nan darasin yake. Wani zai rubuta "kaɗanya", wani "kaɗe", wani ya mance lanƙwasa ya rubuta "kadanya". Mutum ya san itace ɗaya ne, na'ura kuwa uku za ta ƙirga. Ko sunan kimiyya bai zauna wuri guda ba, domin tsofaffin littattafai suna kiranta Butyrospermum parkii, na yanzu kuwa Vitellaria paradoxa. Maganin shi ne a raba jadawali biyu. Na farko ya ƙunshi ire-iren itatuwa, kowane iri da lambarsa da sunayensa na Hausa da Gwari da Fulatanci. Na biyu ya ƙunshi itatuwan da aka auna, kowanne yana ɗauke da lambar irinsa kawai. In suna ya canza, wuri ɗaya za a gyara. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, wanda bankuna suke dogara da shi har yau. Ɗalibin da ya gano shi da hannunsa ba zai mance ba.

Domin tantance sunaye, akwai littafin J. M. Dalziel na 1916 a kan sunayen tsirrai da Hausa, da ƙamus ɗin Bargery na 1934, da littafin R. W. J. Keay na 1989 a kan itatuwan Nijeriya. Abin da ya gagara, a busar da ganyensa a aika ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Sai bayan haka a taɓa na'ura. Kuskure ne mai koyo ya fara da manyan manhajoji irin su Oracle, waɗanda girka su kaɗai zai cinye zangon karatu. SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a 2000, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, rumbun duka fayil ɗaya ne, kuma tana cikin kowace wayar Android. In aka haɗa ta da DB Browser for SQLite, ko aka ɗauki LibreOffice Base, tsohuwar kwamfuta guda ta ishi aji. Harshen tambayarta, wato SQL, ba abin tsoro ba ne. Da kalmomi uku, SELECT da FROM da WHERE, ɗalibi zai iya cewa a jero masa duk itacen da kaurinsa ya wuce mita ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa ai littattafan kwamfuta cike suke da misalai. Haka ne, amma galibi na albashin ma'aikatan wani kamfani ne da babu shi. In na'ura ta ba da amsar ƙarya, ɗalibi ba shi da hanyar ganewa. In kuwa ta ce ɗorawa arba'in ce a harabar makaranta, alhali ya san bakwai ce, zai koma ya nemo kurensa.

Aikin kuma ba wasan yara ba ne. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar APLORI ta Jos ta soma a 2015 da irin waɗannan ƙananan bayanai na 'yan sa-kai yake tafiya. Abin da ya rage ga shugaban makaranta shi ne ya ajiye littafin asali a ofishinsa, a kwafi fayil ɗin a wayoyin malamai biyu, sannan a ɗora wa ajin baɗi sake auna itatuwan, su rubuta wanda ya ƙara kauri da wanda aka sare.