BAGA: ME AKA TANADAR WA WAƊANDA AKA MAYAR GIDA?

'Yan'uwa, duk wanda ya san Baga a shekarun baya ya san garin da kifi ya raya. Daga Doron Baga ake loda manyan motoci da banda, su nufi Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 200 ta Monguno, daga nan su gangara har Onitsha. Kanuri da Buduma da Hausawan da suka zo daga Haɗeja da Sakkwato da Kabi, kowa yana da abin yi: masunci, mai ƙyafe kifi, mai ɗinka kwali, dillali, ɗan dako.

Mutane da yawa suna ɗora laifin mutuwar garin a kan ƙafewar Tafkin Chadi. Lalle tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma bayan farin 1973 da na 1984. Amma mu ba mu yarda da wannan bayani shi kaɗai ba. Da ruwa ya janye, jama'a suka bi shi, suka noma masara da wake a dausayin da ya bari, kasuwa kuma ta ci gaba da ci.

Abin da ya watsa Baga aikin hannun ɗan Adam ne. A watan Afrilu na 2013 gidaje sama da 2,000 suka ƙone bayan artabu tsakanin soja da 'yan Boko Haram. A Janairun 2015 waɗannan masu zubar da jinin Musulmi da sunan addini suka afka wa garin, dubbai suka tsere Chadi da Maiduguri. A Disambar 2018 aka sake korar waɗanda suka daure suka koma. Haka attajirin kifi ya wayi gari yana bin layin tsabar masara a sansani.

A Satumbar 2020 gwamnatin Borno ta soma mayar da jama'a. Mun yaba. Sai dai muna tambayar mahukunta: me magidanci zai ci a ɗakin da aka gina masa? Masunci ya shiga ruwa ya biya 'yan bindiga haraji, ya fito tudu a tuhume shi da cewa yana ciyar da su. An ma taɓa haramta safarar kifin gaba ɗaya, wai don a toshe wa maharan hanyar kuɗi, talaka ne kuwa ya fara jin yunwar. Saurayin da ya ga haka ba zai zauna ba, zai koma tura baro a Maiduguri, a bar garin da tsofaffi da zawarawa.

Don haka muna kira da a tsare hanyar Monguno zuwa Baga, a ba masunta kariya a cikin ruwan kansa, a hana karɓar na goro a shingaye. 'Yan kasuwarmu da suka yi arziki da bandar Baga kuma su ba masunta jarin koma da kwalekwale, bashi marar ruwa, a biya bayan kamu.