Hayar gida a Sakkwato: lissafin da dillali ba ya yi

Da an sayar da albasa da shinkafar rani, magidanta daga Wurno da Rabah da Goronyo kan shigo birnin Sakkwato da kuɗin hayar shekara a aljihu. Wasu canjin wurin aiki ne ya kawo su, wasu karatun 'ya'ya, amma mafi yawa a 'yan shekarun nan tsoro ne ya koro su. Tun harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni a watan Yulin 2018, wanda ya cika garin Gandi da 'yan gudun hijira, da kuma kisan mutum sama da 40 a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, duk mai ɗan hali a gabashin jihar ya fara tunanin inda zai ajiye iyalinsa ya yi barci da ido biyu. Tambayar farko da kowa ke yi wa dillali ita ce: ina ne haya ta fi sauƙi?

Tambayar tana kan hanya, sai dai ba ta isa ba, kuma mutane da dama sun ƙone a kanta.

Dillali zai nuna wa baƙo ɗaki biyu da falo a bakin gari, can wajen Kwannawa ko More ko bayan Kalambaina, sabon gini, fili wadatacce, kuɗin bai kai na tsakiyar gari ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, haya sau ɗaya ake biyanta a shekara, kuɗin kabu-kabu kuwa kullum ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000, kuma kuɗin abin hawa ya bi ta. A ɗauki misali kawai: mutumin da sana'arsa ke Kasuwar Kara, idan nisan gida ya ƙara masa naira 600 a rana, cikin kwana 300 na aiki ya kashe naira 180,000. Ba a sa kuɗin kai yara makaranta ba, ba a sa na kai mai ciki asibiti da tsakar dare ba. Ga wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin nan na naira 70,000 ba, rangwamen da ya samu a haya ya tafi tun kafin shekara ta raba.

Sai ruwa, wanda a Sakkwato shi ne rabin zaman gida. Abin takaici ga mutumin Goronyo shi ne, ruwan da birnin ke sha daga ƙofar gidansu yake fitowa: madatsar Goronyo, mai ɗaukar kusan kubik mita miliyan 942, ita ke sakin ruwa cikin gulbin Rima har ya iso matatun birni. Duk da haka sababbin unguwanni da yawa bututu bai kai gare su ba. A can, da asuba za a ga mai ruwa yana tura kura cike da jarkoki, yana haki cikin rairayi, kuma iya nisan burtsatsen da ya ɗebo iya tsadar jarka. Uwargida mai yara biyar ta san jarka nawa ke ƙarewa tsakanin girki da wanki da wanka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ita ya kamata a tambaya kafin a biya kuɗi, kuma abin mamaki ita ce ba a cika zuwa da ita ganin gidan ba.

Akwai kuma ruwan da ba a so. Gidan da aka gani da rani ba shi ne gidan da za a zauna a watan Agusta ba. Sunan Mabera ya daɗe yana fitowa a labarai duk damina saboda ambaliya, kuma unguwannin da suka gangara wajen fadama suna da nasu tarihin. Mutanen gabas ba sa buƙatar a tuna musu da Satumban 2010, lokacin da Rima ta cika ta batse, ta ci gonaki da ƙauyuka tun daga Goronyo har Wurno, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ɓangaren Dundaye. Wanda ya ga wannan bai kamata a yaudare shi da sabon fenti ba. Ya duba gindin katanga ta waje: in akwai layin danshi da ya kai gwiwa, ko ya ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ko buhunan yashi a jibge a lungu, gidan ya riga ya ba da labarin kansa. Ya tsaya wurin mai shayi ko mai kanti na kusa ya ce, "Malam, don Allah ruwa na shiga layin nan?" Maƙwabci ba shi da la'ada a cinikin, don haka zai faɗi abin da ya sani.

Wani abin da ya bambanta baƙon gabas da sauran shi ne, ƙafarsa ɗaya tana gida. Gonarsa na fadamar Wurno, tsohuwarsa na Rabah, kasuwarsa Achida. Duk mako sai ya bi hanya. Irin wannan mutum, zama kusa da tashar da motocin garinsu ke lodi ya fi masa gida mai tayil a ɗaya gefen birni. Haka nan zama kusa da 'yan garinsu yana da daraja da ba a rubutawa a rasit: wanda zai ba da bashin kwanon gero, wanda zai tsaya masa gaban mai unguwa a lokacin da ake yi wa kowane baƙo kallon tuhuma, wanda zai riƙe yara in an kwantar da uwarsu a asibitin koyarwa.

Nauyin dai ba na mai haya kaɗai ba ne. Birnin ya bazu cikin ƙananan hukumomin Wamakko da Kware da Dange-Shuni fiye da yadda bututu da magudanai da makarantu suka bi shi, kuma talakan da aka koro daga ƙauye shi ke biyan wannan giɓi daga aljihunsa. Gwamnatin jiha na iya fitar da taswirar wuraren da ruwa ke ci, a manna ta a ofisoshin hakimai, a karanta ta a Rediyon Rima kafin damina, ta kuma hana yanka filaye a kan hanyar ruwa. Kafin a kai ga haka, duk wanda zai biya haya ya nemi takarda a rubuce gaban shaidu biyu, wadda ta fayyace wa zai yashe masai, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, ko akwai tsohon bashin wuta a kan mitar gidan, da kuma wata nawa za a ba shi kafin a ƙara kuɗi.