Damargu: ƙurar farin dutse da samari ke kawowa daga wuraren zinariya

Da zarar an gama yankan hatsi, motocin da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas sukan cika da samarin Tanut da Belbeji. Tun 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, cirani ya karkata arewa.

A Cibarakaten, zinariyar tana cikin jijiyoyin farin dutsen nan da ake kira ƙanƙara, wanda Turawa ke ce wa kwarz. Tun zamanin da, ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa ya bi tsagogin duwatsu, ya daskarar da siliki tare da ɗigon zinariya. Dutse ne mai tauri, har gilashi yana karcewa. Dole a fasa shi, a niƙa ya zama gari.

A wasu ƙasashe dutsen kansa dukiya ne: da shi ake yin gilashi da farantan sola da ƙwaƙwalwar wayoyi. Da guguwar Helene ta tsayar da haƙar Spruce Pine a Amurka a Satumban 2024, hankalin masana'antu ya tashi. A nan, ƙurarsa ce rabonmu.

Ƙurar ta fi gari laushi, kuma rawani ba ya tare ta. In ta shiga huhu ba ta fita. Sai ta bar tabo, numfashi ya riƙa gajarta. Likitoci na kiran ciwon silikoz. Ba shi da magani, yana buɗe wa tarin tibi ƙofa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Ke nan ba a bakin rami za a ga majinyatan ba, a CSI na ƙauyukan Damargu za a gan su, lokacin da kuɗin sun daɗe da ƙarewa.

A 2018, kamfanonin zinariya na Afirka ta Kudu sun amince da biyan diyyar rand biliyan 5 ga maʼaikatan da suka kamu. Mai haƙar gargajiya ba shi da kamfanin da zai kai ƙara.

Hukumomi sun fi maida hankali kan haraji da ruftawar ramuka, kamar ta Ɗan Isa a Nuwamban 2021, wadda ta kashe aƙalla mutum 18. Jiƙa dutse kafin niƙa yana rage ƙura sosai, sai dai a Cibarakaten ruwa ma saye ake. Abin da ya fi araha shi ne maʼaikatan lafiya na Tanut da Belbeji su riƙa tambayar duk mai tari ko ya taɓa aikin zinariya.