Kada Ruwan Tiga Ya Ruɗe Mu Wajen Dashen Shinge

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya daina zama abin nema a Garun Mallam da Kura da Bunkure. Manomi a Kadawa yakan dasa tumatir a tsakiyar hunturu, ya kuma kama. Wannan ne ke sa wasu malamai da ɗalibai tunanin cewa shingen lambun makaranta ma ana iya tuge shi a kowane wata, a kai shi wani gefe, tun da ga ruwa nan a kanal. A ganina wannan kuskure ne, musamman ga itatuwan ado na ƙasashen sanyi masu siririn ganye kamar allura, dangin fayin da sifires.

Itace ba ya shan ruwa da manyan saiwoyinsa. Ƙananan jijiyoyi ne masu gashi-gashi, waɗanda ke can bakin saiwa nesa da gindi, suke wannan aiki. Idan aka haƙa itacen da ya shekara biyar, yawancinsu a ƙasa ake baro su. Ganye kuwa bai san abin da ya faru ba, yana ta fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofinsa, iskar hunturu tana kwashewa. To, ko an malala masa ruwa, da wane baki zai sha? Ruwan ma kan kwanta a ramin ya hana saiwa iska, ta ruɓe. Abin da ya ƙara wa sifires wahala shi ne ba ya tohowa daga tsohon reshe. Dalbejiya in an sare ta sai ta sake fitowa, shi kuwa inda ya bushe ya bushe ke nan.

A Ingila lokacin sanyin kaka ake irin wannan dashe. Mu namu lokacin shi ne marka, Yuli zuwa Agusta, sa'ad da hadari ke rufe rana kuma iska ke da laima. Amma aikin tun farkon damina yake farawa. A zagaye gindin da rami a datse saiwoyin gefe, a mayar da ƙasa, don sababbin jijiyoyi su tsiro kusa da gindi. Ran dashe a fara haƙa sabon ramin, a ɗaga itacen da yamma tare da dunƙulen ƙasarsa, a naɗe da buhu, domin ƙasa mai yashi ba ta riƙe saiwa. Kada a binne shi fiye da zurfinsa na da. A kafa masa turke, a rufe gindin da ciyawa.

Idan shingen ya fi mutum tsayi, ni dai shawarata a bar shi inda yake. A sabon wurin a dasa lalle ko bini-da-zugu ko aguwa, waɗanda reshensu kawai ake yankowa a kafa.