Kayan da Aka Saya Ba a Mayarwa?

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan aiki. Manomin Funtuwa ko Malumfashi da ita yake jin farashin masara a kasuwar Dandume kafin ya ɗauki hatsinsa, da ita yake neman taki, ta cikinta kuma yake ganin shigar kuɗinsa banki. Sau da yawa sai kaka ta yi, ya sayar da amfanin gona, sannan yake iya mallakarta. Saboda haka idan ya kai ta gida ta ƙi ɗaukar caji, ko gilashinta ya ɗauke bayan kwana uku, gumin damina guda ne ya salwanta.

Abin takaici, idan ya koma shago, akan nuna masa wani rubutu a ƙasan rasit ko a jikin bango, wai kayan da aka saya ba a mayarwa. Da yawa sukan haƙura, su ce ƙaddara ce. Haƙiƙa wannan rubutu ba shi da madogara, ko a al'ada, ko a addini, ko a dokar ƙasa.

A al'adar kasuwancin Bahaushe, ba a cinikin biri a sama. Wanda ya sayi sa a kara, daga baya ya gano wata cuta da aka ɓoye masa, yakan koma wurin dillali, in ta ƙi a je gaban sarkin kasuwa a warware cinikin. Haka kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da aibin da ya riga ciniki, wanda ba a bayyana masa ba: ko ya riƙe kayan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A shekarar 1992 aka yi dokar kafa majalisar kare masu saye. Daga baya dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Wannan doka ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun ɗan kasuwa a bango ba ya shafe abin da doka ta tabbatar.

Sai dai adalci ya ƙunshi ɓangare biyu. Wayar da ta faɗa rijiya, ko ta fashe a kan babur, ba laifin mai shago ba ne. Haka wanda aka gaya wa aibin tsohuwar waya ya ce ya ji ya gani, ba shi da ta cewa. Bugu da ƙari, ƙaramin ɗan kasuwa shi ma sarowa ya yi, wataƙila daga kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma yana da haƙƙin komawa kan wanda ya sayar masa. Abin da bai dace ba shi ne ya jibga asarar a kan manomi don ya ga bai san doka ba.

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata mai saye ya gwada waya a gaban mai shago, ya karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar IMEI ta wayar, ya adana kwalinta, kuma kada ya kai ta wurin mai gyara kafin ya mayar. Ƙungiyoyin masu sayar da waya su kuma su cire wannan rubutu daga rasit ɗinsu. Ɗan kasuwar da ya karɓi kayansa mai aibi bai yi asara ba, domin manomin da aka yi wa adalci bana, shi zai kawo ɗan'uwansa baɗi.